Ƙyallin bugu da ƙyallin sitaci

A 1851, lokacin da Bajamushe Barth ya ratso Tasawa ya shiga Kano, ya tarar tufafin masaƙan ƙasar Hausa na kaiwa har Tumbuktu. Da hannu ake kaɗa audugar, a saƙa sirara-sirara, a haɗe, a rina da baba, masu bugu su yi ta dukan zanen bisa gungume har saƙar ta matse ta ɗau ƙyalli.

Yau kuwa sitaci ke rufe saƙa mai sako-sako. Wanki guda, wandon ya koma rariya, kuɗin sun tafi. In za mu saya, mu ɗaga yadin a rana, mu murza bakinsa. Haske ya ratsa, farin gari ya zubo? To, mu wuce gaba.