Sukari: Daga Fadamar Rake Zuwa Teburin Mai Shayi

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Tirkaniya a zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, ya san ba a tambayar mutum ko zai sha sukari, sai dai a ce ƙwaya nawa. To, shin mene ne sukarin nan, kuma ta ina ya biyo ya iso mana?

Sunansa ma ya isa ya nuna hanyar. Mun aro kalmar daga Larabci, "sukkar". Larabawa sun samo ta daga Farisawa, su kuma daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit, inda "sharkara" ke nufin tsakuwa. A Indiyan ne aka gano yadda za a dafa ruwan rake har ya zama ƙwayoyi, fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Larabawa suka kai noman raken Masar da Maroko da Andalus. A 1493 Kolombos ya tsallaka da shi tsibiran Karebiyan, kuma gonakin raken can da na Birazil ne suka haɗiye mafi yawan miliyoyin bayin da aka kwashe daga Afirka.

Sai mu koma ɗakin gwaje-gwaje. Masana na kiran sukarin da muke sha sukuros. Kowane ɗigonsa mafi ƙanƙanta na ɗauke da ƙwayar zarra 12 ta kabon, 22 ta haidirojin, da 11 ta oksijin. Asalinsa sukari biyu ne a ɗaure, wato gulukos da furuktos, waɗanda ganyen rake ke haɗawa daga iska da ruwa da hasken rana. Idan mun sha, hanji ya raba su, su shiga jini. Mai shakka ya ɗora sukari a cokali bisa wuta. Zai narke, ya yi ja, daga bisani ya koma baƙi ƙirin. Wannan baƙin shi ne kabon, ɗan'uwan gawayi.

Abin lura shi ne, wannan sinadarin dai shi ne a cikin mazarƙwaila. A ƙasar Maƙarfi da sauran fadamun Zazzau, doki kan zagaya da injin matsa rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Bambancinta da farin sukari kawai, ita ba a tace duhun ruwan raken daga jikinta ba.

Bayan samun mulkin kai Nijeriya ta yi yunƙurin ciyar da kanta. Kamfanin sukari na Bacita ya fara aiki a 1964, na Numan kuma a 1980. Duk da haka, har yau mafi yawan sukarin da muke sha ɗanyensa ake shigowa da shi daga Birazil, a tace a Legas da Fatakwal, sannan a loda wa tirela zuwa Arewa.

Muna da rake, muna da fadama, kuma ilmin da ake buƙata ba ya wuce wanda malamanmu suka fara ɗora mu a kai. A cikinmu akwai injiniyoyi da manoma da 'yan kasuwa. Ya kamata idan mun haɗu a taro na gaba mu tambayi juna, me ya hana raken Maƙarfi shiga kofin shayin Tirkaniya?