Arlit da Kwatano: tarihin garin hamada mai dogaro da bakin teku

1. Gabatarwa

Wanda ya dubi taswirar Nijar zai ga Arlit can arewa, yamma da duwatsun Abzin, kimanin kilomita 240 daga Agadas, kimanin 200 kuma daga Asamaka, mashigar ƙarshe kafin iyakar Aljeriya. Wurin ba kogi, ba tabki, balle teku. Duk da haka ba a iya bayyana kafuwar garin, da bunƙasarsa, da halin da ya shiga daga baya, ba tare da an ambaci Kwatano ba, wato babban birnin bakin teku na ƙasar Benin, mai nisan kusan kilomita 2000 daga gare shi. Manufar wannan ƙasida ita ce nuna cewa an gina Arlit ne a matsayin ƙarshen wata hanya wadda ɗaya bakinta yake tashar jiragen ruwan Kwatano, kuma duk abin da ya taɓa hanyar yana taɓa ruwan sha, da wuta, da asibiti, da albashin mutanen garin. Za mu fara da yanayin wuraren biyu, sa'an nan tarihin hanyar, da kafa garin, da abin da sunayen unguwanninsa ke faɗi, mu ƙare da abubuwan da suka faru tun daga 2023.

2. Ƙasa da yanayi

Arlit yana kan fili mai tsakuwa da dutsen yashi, a gefen gabas na babban kwarin da masana ƙasa ke kira Tim Mersoyi. A cikin wannan dutsen yashi ne yuraniyom ya taru. Ruwan sama bai cika kai milimita 100 a shekara ba, wata shekarar ma ƴan ɗigo ne kawai. A bazara zafi yakan wuce digiri 40, da hunturu kuwa dare yana da tsananin sanyi, ga iska mai ɗauke da ƙura. Ruwan da gari da masana'antu ke amfani da shi daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, musamman daga shimfiɗar da ake kira Tarat. Tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara take da dausayi, kuma damanar yanzu ba ta mayar da abin da ake ɗiba.

Kwatano kishiyar wannan ne. Birnin yana zaune kan zirin rairayi tsakanin tekun Atlantika da tabkin Nokuwe, wata mashigar ruwa da ta haɗa su ta raba shi gida biyu. Yana samun ruwan sama wajen milimita 1300 a shekara, cikin damana biyu, babba da ƙarama. Damuwarsa ambaliya ce, da teku mai cin gaɓa a gabashin tasha, wajen Akpakpa. Ƙidayar 2013 ta ba shi mutum kusan 680,000. Ko da yake Porto-Novo ce hedikwatar ƙasa a hukumance, fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatun gwamnati suna Kwatano, haka ma kasuwar Dantokpa, da tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka buɗe a 1965. Ke nan gari ɗaya yana fama da rashin ruwa, ɗaya yana fama da yawansa, abin da ya haɗa su shi ne hanya.

3. Hanya ta girmi ma'adini

Kafin zuwan Turawa, Abzin arewa da kudu yake kallo: ayari yana zuwa Gat da Tarabulus, yana kuma gangarawa Damagaram da Katsina da Kano. A ɗaya ɓangaren, fataken goro Hausawa suna ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, ta Nikki da Paraku da Jugu, zuwa Gwanja. Zangunan da suka kafa su ne tushen unguwannin baƙi na waɗannan garuruwa, kuma Kwatano ma tana da unguwar Zango inda Hausa ke da ƙarfi.

Mulkin mallaka ne ya juya akalar ciniki zuwa teku. Dogo ya iso Kano a 1911, ya janye gyaɗa da fatun kudancin Nijar zuwa Ikko, abin da bai yi wa Faransa daɗi ba. Dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, bayan kilomita 438, ya tsaya nan. A shekarun 1950 aka tsara fitar da gyaɗar Nijar ta wannan hanya, shirin da aka sani da sunan Opération Hirondelle: kamyo har Paraku, jirgin ƙasa har teku. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta dogo da sufuri tsakanin Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Saboda haka lokacin da yuraniyom ya bayyana, ya iske turbar gyaɗa a shimfiɗe, sai ya bi ta.

4. Kafa gari

A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suka ga alamar yuraniyom a Azelik, arewa da Ingal, suna cikin neman jan ƙarfe. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wato CEA, ta ci gaba da bincike har ta gano wuraren Arlit a 1965, Imuraren a 1966, Akuta a 1967. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, an soma gina garin Arlit a 1969, an fara fitar da ma'adini daga buɗaɗɗen rami a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974 da jarin Nijar da Faransa da Japan, daga baya Sifaniya ta shigo. Ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta, mai zurfin kusan mita 250 ƙarƙashin ƙasa, aka gina wa ma'aikatansa garin Akokan, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit.

Da yake babu komai a wurin, sai da aka kawo komai. Domin wuta aka kafa SONICHAR a 1975, mai haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, tasharta ta fara ba da lantarki a 1981 ga ma'adinai da Arlit da Agadas. Domin sufuri aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Abalak da Agadas, fiye da kilomita 600, a ƙarshen shekarun 1970, ita ce ake kira hanyar yuraniyom. Domin ƙwararru aka buɗe makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadas. Kowane kamfani ya gina asibitinsa, da rijiyoyinsa, da kantinsa, da gidajen ma'aikata daki-daki bisa ga muƙami.

Kafin rufe iyaka a 2023, hanyar tana aiki ta fuska biyu. Garin yuraniyom mai launin rawaya ana zuba shi cikin gangunan ƙarfe, a ɗora wa kamyo, ya bi ta Agadas, Tawa, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, ya haye gadar Malanbil, ya isa Paraku bayan kusan kilomita 1600. Shekaru da yawa daga nan jirgin ƙasa ne ke ƙarasa da shi Kwatano, jirgin ruwa ya kai shi Faransa, a tace shi a Malvési kusa da Narbonne. A komowa kuwa motoci na ɗauko farar wuta wadda ake yin asid da ita domin narkar da dutse, da sauran sinadarai, da kayan gyaran injuna. Wannan batu na biyu shi ne aka fi mantawa da shi: in ba kayan da suka sauka a Kwatano, masana'antar Arlit ba ta iya tace ko kilo guda.

Jama'a ta ƙaru da sauri: kusan 10,000 a ƙidayar 1977, fiye da 30,000 a ta 1988, kusan 80,000 a ta 2012. A 1981 Nijar ta fitar da yuraniyom fiye da ton 4000, kuɗinsa ya gina manyan gine-gine a Yamai. A wannan zamani ne ake yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu, kirarin da Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya mayar sunan fim ɗinsa na 2005 a kan garin.

5. Abin da sunaye ke faɗi

Ga mai nazarin harshe, sunayen wurare hujja ce ta tarihi. A Arlit ana iya rarrabe su hawa uku. Na farko su ne na Tamajak, harshen waɗanda ke kiwo a wurin kafin a zo da injuna: Akuta, Akokan, Imuraren, Madawela. Na biyu su ne na masu bincike: ramukan farko na SOMAÏR an raɗa musu Arlette, Ariège, Artois, wato sunan mace da sunayen yankunan Faransa, duka masu farawa da «Ar». Sai daga baya aka koma ga irin su Taza, Takriza, Tamu. Na uku su ne na Hausa, kuma suna bayan shingen gidajen kamfani: Zango, Wadata, da Bukoki, wanda asalinsa «bukkoki» ne, jam'in bukka. Akwai kuma Kare SNTN, inda aka haɗa kalmar Faransanci carré da sunan kamfanin sufurin da motocinsa suka yi jigila a kan hanyar teku.

Wannan rabo yana nuna garuruwa biyu cikin gari ɗaya. Akwai garin da aka zana a takarda, mai famfo da wuta da itatuwa, inda Faransanci ne harshen aiki da umarni. Akwai kuma garin da ba wanda ya zana shi, wanda ƴan kasuwa da magina da direbobi da masu neman aiki daga Tawa da Maraɗi da Damagaram suka kafa, tare da makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu. A nan Hausa ce ta zama harshen haɗuwa tsakanin Buzu da Bazabarme da Bafillace da Balarabe da mutanen bakin teku, kamar yadda take a Agadas tun tuni. Kalmomi irin su kamyo, shantiye, kare, site sun shige ta daga Faransanci, suka ɗauki lafazinta. Abin lura shi ne garin na biyu, wanda aka ɗauka na wucin gadi, shi ya fi yawan mutane, shi kuma ya fi jure wahala.

6. Rauni

Tun farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi a duniya, kamfanoni suka rage ma'aikata. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na ƙungiyar MNJ daga 2007 zuwa 2009, sun sa rabon arzikin ma'adini cikin buƙatunsu, kuma dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga domin ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa. Ranar 16 ga Satumba 2010 aka sace mutum 7 masu alaƙa da kamfanonin a Arlit, ranar 23 ga Mayu 2013 kuma aka kai wa masana'antar SOMAÏR harin bam. A gefe guda, ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin, da ɗakin bincike na CRIIRAD na Faransa tun daga 2003, sun yi ta jan hankali kan tururin nukiliya a ruwa da ƙura da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kusan ton 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila, aka bar tarin dusar ma'adini ta kusan ton miliyan 20 kusa da Akokan. A nan ne raunin tsarin ya fito fili: asibiti da famfo da wuta na kamfani ne, ran da kamfani ya tashi sai a tambayi wa zai riƙe su.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin. CEDEAO ta janye takunkuminta a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Sinadarai suka daina zuwa, ganguna suka daina fita. A Oktoba 2024 kamfanin Orano, magajin COGEMA da Areva, ya ce fiye da ton 1000 na jibge a Arlit, ya sanar da dakatar da aiki. Tun a Yuni 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren, a Yuni 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Sauran kayan da Nijar ke shigowa da su suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari.

Duk wannan bai watse garin ba, domin mutanen Bukoki da Zango sun daɗe da samun wata ƙofa. Taliya da madara da dabino da man fetur suna shigowa daga Tamanrasat, matafiya masu nufin Aljeriya da waɗanda aka koro ta Asamaka suna yada zango a garin, zinariyar da aka gano a Cibarakaten a 2014 ta kawo sabon ciniki. Wato Arlit ya sake kallon arewa, kamar yadda Abzin ke yi kafin dogo.

7. Kammalawa

Mun ga cewa Arlit gari ne da aka kafa a 1969 bisa sharaɗi uku: dutse mai yuraniyom, tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa, da hanyar da ke kai wa tashar Kwatano. Biyun farko suna ƙarewa da ɗiba, na uku kuwa yana hannun wata ƙasa, Hausawa kuma sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mayar da kamfani hannun gwamnati ya sauya mai ma'adini, amma nisan teku yana nan yadda yake, haka ma tarin dusar Akokan da raguwar ruwan Tarat. Don haka duk shirin da za a yi wa garin ya kamata ya amsa tambayar wace tasha za a bi, da wa zai ɗauki nauyin asibitoci da rijiyoyi.

Ga sashenmu kuwa akwai aiki na gaggawa. Ma'aikatan farko na shekarun 1970 sun tsufa, da yawa sun koma garuruwansu. Ya dace ɗalibai masu neman digiri na gaba su naɗi labarinsu da Hausa da Tamajak, su tattara kalmomin rami da na masana'anta da na direbobin hanyar Paraku, domin takardun kamfani da Faransanci aka rubuta su, kuma ba su ƙunshi tarihin Bukoki ba.