Doki a Bakin Kogo: Tarihin Abin Hawa a Wasannin Labari na Tebur

Wasan da nake magana a kansa ba ya bukatar kwamfuta. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a tebur, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da jarumin zai yi, a jefa 'ya'yan lido su raba gardama. Na daɗe ina jagorantar irin wannan zama, kuma tambayar da ta fi kowace dawowa ita ce: to, ina za mu bar dawakin? Tambayar tana da tarihi, kuma tarihin ya cancanci a ba da shi.

Asalin wasan nan horon soja ne. A 1824 wani hafsa a ƙasar Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, inda ƙananan tubala ke wakiltar dakaru da mahaya, kowanne da nisan da zai iya ci. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasan yara, ya ba dakare ƙafa ɗaya a kowane motsi, mai doki ƙafa biyu. A wannan zamani doki ba ya damun kowa, domin fili a buɗe yake, aikinsa kuwa sauri da karo.

Haka abin ya zo har 1971, lokacin da Gary Gygax da Jeff Perren suka wallafa Chainmail a Amurka. A ciki akwai ɗan sashe da nake ƙauna har yau, na karon barade biyu da masu. Kowane ɗan wasa zai zaɓi a asirce inda zai auna mashinsa da yadda zai zauna a sirdi, sai a buɗe a duba jadawali: ko mashi ya karye, ko kwalkwali ya faɗi, ko mahayi ya sha ƙasa.

Sai Dave Arneson, a jihar Minnesota, ya kawo abin da ya sauya komai. Ya ba kowane ɗan wasa mutum ɗaya maimakon runduna, ya kuma tura su cikin ramuka da ɗakunan ƙarƙashin fadar Blackmoor neman dukiya. Daga nan shi da Gygax suka haɗa Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. Lungu mai faɗin ƙafa goma, matakala, ƙofofi masu ƙunci da duhu: babu inda ingarma zai yi sukuwa a nan. Jerin farashin littafin farko ya nuna halin da ake ciki. Alfadari zinariya 20 ne, doki mara nauyi 40, babban dokin yaƙi 200, alhali sabon jarumi ba ya fara wasa da fiye da 180. Ƙa'idar ta kuma ce alfadari kaɗai ke iya shiga ƙarƙashin ƙasa. Wato wasan da mahaya suka haifa ya wayi gari dabbar dako ta fi dokin yaƙi amfani a cikinsa.

Tun daga nan masu tsara wasa suka kasu gida biyu. Na farko suka yi ta ƙoƙarin cusa doki cikin wasan kogo. A 1975 aka shigo da paladin, barde mai alkawarin gaskiya, aka ba shi doki na musamman wanda ko ya rasa shi ba zai sami wani ba sai shekara goma ta cika da samun na farko. A 1985 littafin Unearthed Arcana ya ƙaro wani nau'in barde mai gwaninta ta musamman a kan sirdi. Bugu na uku na Dungeons & Dragons, na shekarar 2000, ya zo da ƙa'idojin hawa dalla-dalla, har da ninka ɓarnar mashi a lokacin sukuwa. Duk da haka dokin yana nan ɗaure a bakin kogo, yana jiran ɓarawo ko kura. Wasu 'yan wasa suka ɓullo da dabara: su ɗauki jarumi ɗan ƙaramin jiki su ɗora shi a kan babban kare, wanda zai bi kowane lungu. A gyaran 2003 aka yanke hukunci gaba ɗaya: paladin zai kira dokinsa daga wata duniya sau ɗaya a rana, ya hau na wasu sa'o'i, ya sallame shi. A bugun 2014 abin ya koma tsafi da ake karantawa. Matsalar ta kau, amma da ita dokin ya tafi. Abin da ba ya cin dusa, ba ya gajiya, ba ya tsoron wuta, suna kawai ya rage masa.

Gida na biyu na Greg Stafford ne. A duniyarsa ta Glorantha, wadda wasan RuneQuest na 1978 ya zauna a cikinta, makiyayan filin Prax kowace ƙabila da dabbar da take hawa, daga ɓauna zuwa barewa zuwa karkanda, kuma dabbar ce asalinsu da addininsu da dukiyarsu. Sai a 1985 ya fitar da Pendragon, wasan baraden Sarki Arthur. Nan kowa mahayi ne. Barde yana da dokin yaƙi daban, na tafiya daban, na kaya daban, ga yaronsa mai kula da su. Idan ya kai hari da mashi, ƙarfin dokin ake lissafawa, ba na damtsensa ba. Mai doki yana da fifiko bayyananne a kan na ƙasa. Kuma a ƙarshen kowace shekara ta labari, lokacin hunturu, ana jefa lido a ga ko dokin ya rayu. Barden da talauci ya kama, nasa ya fi kusa da mutuwa. Stafford bai ƙirƙiri dokin da zai shiga rami ba. Ya fitar da labarin ne daga ramin, ya mai da shi fili da hanya da fada.

Ni ina tare da Stafford, kuma ina ganin duk wanda ya taɓa leƙa bargar wani basarake a Kano ko Katsina kafin hawan salla zai gane dalili. Hawan kansa na yini ɗaya ne, amma harawa da dusa da kanwa da wanka da gyaran kofato na shekara ne cur. Wannan ɗawainiyar ce ke ɗaure mutum da dabbarsa. Saboda haka a teburina kowane doki yana da suna da hali: wannan mai harbi ne, wancan ba ya son ƙetare ruwa. Nakan sa a yi faɗa a kan hanya da fili, ba a ɗaki kaɗai ba. Ba na kashe doki a bayan idon mai shi don in ba shi haushi, amma nakan sa shi ya zaɓa: ya kore shi dare guda ya isa garin da ake kai wa hari, dokin ya gurgunce, ko ya tausaya masa ya makara.

Shekara hamsin na gyaran ƙa'idoji sun nuna cewa lissafi bai taɓa zama tushen matsalar ba. Jagoran da yake son mahaya a wasansa, sai ya fara da zana ƙasar da za a yi sukuwa a cikinta, ya kuma yarda cewa dokin zai ci, zai gaji, wata rana ma zai ƙi bin linzami.