Hatimin da ke Ƙarƙashin Bututu: Tarihin Gane Tsohuwar Bindigar Farauta da Ƙimanta Ta

Gabatarwa

A cikin kayan gadon da kan rikita masu rabo akwai tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu. Gona an san yadda ake auna ta, gida kuma dillalai sun san kuɗinsa. Amma bindigar da marigayi ya saya tun zamanin En'e, ko wadda wani Baturen mulki ya bar wa baransa sa'ad da zai koma gida, ba kowa ke iya faɗin abin da ta kai ba. Sai a ga magada sun kasu biyu: wasu na ganin tsohon ƙarfe ne kawai, wasu kuwa sun karanta sunan Landan a bisanta sun ɗauka taska ce. Kowane ɓangare na iya yin kuskure, kuma kuskuren bai tsaya ga asarar kuɗi ba, domin bindigar da ta gaji takan tsage a hannun wanda ya saye ta.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ƙimanta irin wannan bindiga aikin mai nazarin tarihi ne kafin ya zama aikin dillali. Sunan da aka zana a bisanta yana iya yin ƙarya. Shaidar da ta fi ƙarfi tana ɓoye a ƙarƙashin bututu, watau 'yan hatiman da hukumar gwaji ta buga, kuma ba a iya karanta su sai an san dalilin da ya haife su.

Asalin Gidajen Gwaji

Tun da aka fara ƙera bindiga a Turai, abin tsoron mai harbi shi ne bututu ya fashe. Maganin da aka samo shi ne gwaji: a ɗura wa bututu albarushin da ya zarce wanda za a riƙa zuba masa, a harba shi a cikin ɗaki mai kaurin bango, in ya jure, a buga masa hatimi. A 1637 Sarki Charles na Ɗaya ya ba ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan izinin yin wannan aiki. A Liyej, birnin maƙera da ke cikin ƙasar Beljiyam ta yanzu, an wajabta gwaji a 1672.

Birnin Birmingham ya fi Landan yawan maƙera nesa ba kusa ba, amma bai sami gidan gwaji na hukuma ba sai 1813, sa'ad da Majalisar Ingila ta yi doka a kan haka. Dokar gwaji ta 1868, wadda aka yi wa gyare-gyare a 1950 da 1978, ita ce har yau ta haramta sayar da bindiga a Birtaniya in ba ta da hatimi mai inganci. A 1914 kuma aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa a Liyej domin ƙasashe su amince da hatiman juna. Birtaniya ta shiga cikinta a 1980.

Bindigogin Fatauci da Afirka ta Yamma

Wannan tarihi ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin kasuwar yankin na cikin abubuwan da suka raya maƙeran Birmingham da Liyej. Farfesa Joseph Inikori, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta a 1977 cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma kowace shekara, galibi don musanya da bayi. Da yawansu an yi su ne da ƙarfe mai araha, har fatake kansu suka riƙa kuka cewa suna fashewa. A Birmingham, ƙungiyar Kirista ta Kwaika, wadda ba ta yarda da yaƙi ba, ta yanke hulɗa da attajirin maƙera Samuel Galton a 1796 saboda ya ƙi barin wannan sana'a.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Birasals, wadda ta taƙaita shigar da bindigogin zamani yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 a arewa da digiri 22 a kudu. Ƙasar Hausa duka tana cikin wannan yanki. Abin da aka bari a sayar wa jama'a shi ne bindiga mai ƙanƙara wadda ake ɗurawa ta baki. Saboda haka maƙeran Birmingham da Liyej suka ci gaba da ƙera wannan tsohon yayi domin Afirka har cikin ƙarni na 20, shekaru da dama bayan Turai ta bar shi. Darasin farko ga mai ƙima ke nan: tsufan siffa ba shi ne tsufan shekaru ba. Bindigar ɗuri da aka samu a gidan maharbi tana iya kasancewa ƙanwar wata mai baki biyu da ta fi ta kama da ta zamani, kuma tana iya zama aikin maƙerin gida wanda ya kwaikwayi ta Turai.

Shekarun Ƙira

Bindigar farauta wadda ake karyawa a sa mata harsashi ta baya ta sami siffarta ne cikin shekaru kamar 30. Bafaranshe Casimir Lefaucheux ya nuna irinta a babban baje-kolin Landan na 1851, maƙeran Ingila suka gani suka ɗauka. A 1861 George Daw ya fito da harsashin da ake dukan tsakiyar gindinsa, irin wanda ake amfani da shi har yanzu. A 1874 W. W. Greener na Birmingham ya kyautata dabarar matse bakin bututu domin ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule su kai nesa. A 1875 ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards, watau Anson da Deeley, suka ƙirƙiro gidan kunama wanda ya ɓoye 'yan guduman dukan harsashi a ciki. A 1880 Frederick Beesley ya ƙirƙiro wani salo mai taimaka wa bindiga ta buɗe da kanta, ya sayar wa kamfanin Purdey.

Amfanin waɗannan shekaru shi ne suna kafa iyaka ta ƙasa. Bindiga mai ƙirar Anson da Deeley ba ta yiwuwa ta girmi 1875, ko mai ita ya rantse cewa ta kakan kakansa ce. Sai dai ba su kafa iyaka ta sama, domin an ci gaba da yin masu guduma a waje har cikin ƙarni na 20 saboda araharsu. Haka nan ƙarfen bututu yana ba da labari. Tsofaffin bututai ana yin su ne ta hanyar murɗa sandunan ƙarfe iri biyu a naɗe su a jikin sanda a dake su har su haɗe, shi ya sa ake ganin zane kamar igiyar ruwa a jikinsu. Ana kiran wannan ƙira da sunan birnin Dimashƙa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 ƙarfen narke ya maye gurbinta sannu a hankali.

Karanta Hatimi

In aka cire katakon gaba aka ɗaga bututai, za a ga wani shafaffen wuri a ƙarƙashinsu kusa da gindi. Nan ne hatiman suke. Na Landan kambi ne bisa haruffan GP, da wani kambi bisa V. Na Birmingham, daga 1813 zuwa 1904, sandunan sarauta ne biyu a gicciye. Daga 1904 aka koma kambi bisa BP da BV. Daga 1954 kuma kambi bisa BNP. Na Liyej haruffan ELG ne a cikin da'ira mai siffar ƙwai tun 1810, sa'an nan aka ɗora mata kambi a 1893.

Wasu rubuce-rubucen sun fi wannan tsananta lokaci. Bindigar Ingila mai ɗauke da kalmomin NOT FOR BALL an gwada ta ne tsakanin 1875 da 1887, ma'anarsu kuwa bakinta a matse yake, kada a ɗura mata dunƙulen dalma guda. Daga 1887 aka maye gurbinsu da kalmar CHOKE. Daga 1925 aka riƙa buga tsawon mazaunin harsashi da inci, daga 1989 kuma aka koma milimita.

Hatimin da ya fi shafar rai shi ne na nau'in albarushi. Baƙin albarushi na da da kuma albarushi marar hayaƙi na yanzu ba su matsa wa bututu iri ɗaya. A Ingila an fara gwaji na musamman da marar hayaƙi a 1896, kuma daga 1904 haruffan NP ke nuna shi. A Liyej alamarsa zaki ne bisa haruffan PV. Bindigar da ba ta da irin wannan hatimi ba a gwada ta domin harsashin da ke kasuwa yau ba. Daɗin daɗawa, yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne domin harsashi mai tsawon inci 2½, alhali wanda ya fi yawa yanzu mai inci 2¾ ne. Zai shiga, bindigar kuma za ta rufe, amma ba don shi aka gwada ta ba.

Lambar 12 da ake gani tana nufin faɗin bututu, kuma asalinta lissafi ne na da: in aka raba laba ɗaya ta dalma aka mulmula ƙwallaye 12 daidai wa daida, ɗaya daga cikinsu shi ne ya cika ramin. Wannan faɗi inci 0.729 ne. Mai ƙima yakan auna ramin a nisan inci 9 daga gindi ya gwama da abin da hatimi ya ce. Duk lokacin da aka kankare tsatsa daga ciki, ramin na ƙara faɗi, bango na ƙara sirancewa. A ƙa'idar 1954, in faɗin ya ƙaru da inci 0.010 hatimin ya faɗi, sai an sake gwaji. Maƙeran Ingila kuma ba su son kaurin bangon bututu ya gaza inci 0.020 a ko'ina. Ke nan bututun da ke ƙyalli ƙwarai a ciki abin tuhuma ne har sai an auna shi.

Suna da Maƙeri

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antun Liyej sun fitar da ɗimbin bindigogi masu araha ɗauke da sunaye irin su W. Richards da J. Manton, waɗanda ke kama da na mashahuran maƙeran Ingila. Duk bindigar da ta ce ita 'yar Landan ce a sama, alhali hatimin ELG kaɗai ke ƙarƙashinta, ta riga ta tona asirin kanta.

Ko a cikin Ingila ma, sunan da ke bisa bindiga sau da yawa na mai kanti ne. Maƙeran Birmingham kan ƙera ta, ɗan kasuwar wani gari ya sa a zana sunansa. Misali sananne shi ne kantin Army & Navy na Landan, wanda hafsoshin soja suka kafa a 1871, inda ma'aikatan mulkin mallaka da yawa kan yi sayayya kafin su tashi. Kantin bai ƙera bindiga ba; yakan saro daga kamfanoni irin su Webley & Scott. Littattafan cinikinsa suna ajiye a Jami'ar Glasgow, kuma da lambar bindiga ana iya gano shekarar da aka sayar da ita da wanda ya saya. Manyan gidaje irin su Boss na 1812, Purdey na 1814 da Holland & Holland na 1835 su ma suna riƙe da nasu littattafan. Saboda haka ake duba ko lambar da ke kan bututu ta yi daidai da ta gidan kunama da ta katakon gaba. In sun saɓa, an yi wa bindigar haɗe-haɗe.

Ma'aunan Ƙima

Bayan an gane bindiga, abubuwa huɗu ke yanke kuɗinta. Na farko, maƙerinta na gaskiya da darajar aikin, domin gida ɗaya kan yi ta sarakuna ya yi ta masu gadin daji. Na biyu, lafiyar bututai, waɗanda su ne mafi tsadar sauyawa. Tun wajen 1950 ake yanke tsohon bututu a dasa sabo a gindinsa, gidan gwaji kuma ya buga kalmar SLEEVED. Irin wannan bindiga tana harbi lafiya, amma kuɗinta ya ragu ƙwarai. Na uku, zamanta a yadda aka ƙera ta. Magajin da ya sa takarda mai yashi ya goge ƙota, ko ya sa aka shafe ƙarfen da sabon baƙi, ya kankare wani kaso na kuɗinta da hannunsa. Na huɗu, tarihin wanda ya mallake ta. Bindigar da kamfanin Fox na Amurka ya ba tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wadda ya tafi da ita farauta Afirka ta Gabas a 1909, an sayar da ita a gwanjo a 2010 kan dala 862,500. Takardun shaida ne suka kai ta nan. Labarin baka, kome daɗinsa, ba ya ƙara ko sisi.

Kasuwar kanta tana sauyawa. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Ingila ta taƙaita shi a 1999, saboda gubarta. Ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbinta sun fi tauri, suna iya kumbura siririn bututu mai matsattsen baki. Wannan ya rage masu neman tsofaffin bindigogi na talaka, ya bar na manyan gidaje da masu ingantaccen tarihi suna riƙe da darajarsu.

Kammalawa

Gaskiyar da tarihi ya nuna ita ce mafi yawan tsofaffin bindigogin da suka bazu a duniya aikin Birmingham da Liyej ne na araha, kuma ƙalilan ne ke da kuɗi mai yawa. Wanda ya gaji ɗaya, tsarin da ya kamata ya bi shi ne: ya bar ta yadda take, ya kwafi hatimanta da lambarta, ya nemi ƙwararre ya auna bututai, sa'an nan a yi maganar kuɗi, don kada a yi cinikin biri a sama. Ya kuma tuna cewa a Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisi kan bindigar farauta. Lasisin na mutum ne da sunansa, ba ya shiga rabon gado, kuma ba a miƙa bindiga sai ga wanda doka ta yarje wa. In awo ya nuna hatimin ya faɗi, haƙƙi ne a kan mai sayarwa ya faɗa wa mai saye. An ce tsohon doki sai mai shi. Wata bindigar darajarta ita ce a kashe bakinta bisa izinin hukuma, a rataye ta a zaure, jikoki su san hannun da ya riƙe ta.