Kwantenar manhaja: yadda take aiki da amfaninta ga binciken noma a yankin Funtua

Ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya daga Apapa, ko ya leƙa tashar sauke kaya ta kan tudu da aka ƙaddamar a Funtua a 2024, ya san kwantena: akwatin ƙarfe mai girma ɗaya, wanda jirgin ruwa da jirgin ƙasa da tirela ke ɗauka ba tare da an kwance kayan ciki ba. Daga nan masana kwamfuta suka aro sunan. A wurinsu, kwantena ƙunshi ne da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura.

Asalinta

Manhajar Docker, wadda Solomon Hykes ya fito da ita a 2013, ita ce ta yaɗa wannan dabara. A 2015 Gregory Kurtzer ya ƙirƙiro Singularity a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Amurka, domin manyan kwamfutocin da mutane da yawa ke tarayya a kansu. A 2021 aikin ya koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux da sunan Apptainer. Cibiyoyin bincike sun fi karkata gare ta, saboda ba ta buƙatar a ba kowane ɗalibi ikon shugaban na'ura.

Alaƙarta da manomi

Funtua na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka kafa shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. A wancan zamani malaman gona ne ke bin ƙauyuka da takarda da alƙalami. A yau taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, mallakar Turai, suna ɗaukar hoton gonakin masara da dawa da auduga na Funtua da Bakori da Malumfashi kusan duk kwana 5, kyauta, kowane ɗigo yana wakiltar mita 10. Daga irin waɗannan hotuna ake ƙiyasta faɗin gonaki da yawan amfanin da za a girbe, abin da ya shafi rabon taki da bashin noma da farashin buhu a kasuwa.

Matsalar ita ce lissafin da aka yi a Samaru kan iya ƙin aiki, ko ya ba da wani sakamako daban, idan aka maimaita shi a wani ofis a Katsina, don kawai zubin manhajar ya bambanta. Kwantena ce maganin wannan saɓani.

Matakan farawa

Mai farawa ba ya buƙatar haɗa tasa. Akwai shiryayyu a rumbuna irin su Docker Hub: Rocker don lissafin ƙididdiga da harshen R, da BioContainers don nazarin ƙwayoyin gado na iri. Bayan girka Docker ko Apptainer, umarnin pull ne ke sauko da ƙunshin, run kuma ya tayar da shi.

Abubuwa huɗu ne ake kiyayewa. Na farko, a ɗauko daga tushen da aka sani, domin kowa na iya ɗora ƙunshi a rumbu. Na biyu, a rubuta lambar zubin da aka yi aiki da shi, kada a dogara da alamar latest, wadda ke sauyawa. Na uku, a ajiye bayanai a wajen kwantenar a haɗa su da ita, domin abin da aka bari a ciki yana tafiya idan aka goge ta. Na huɗu, ƙunshi ɗaya kan kai gigabait da dama. Apptainer tana adana shi a fayil guda, don haka sai a sauke sau ɗaya a rarraba ta filashi, a huta da tsadar data.

Kwantena tana tabbatar da cewa lissafi ya maimaitu, amma ba ta gyara alƙaluman da aka tattaro ba daidai ba. Abin da aka shuka shi ake girba. Tilas dai malamin gona ya shiga gona ya auna.