Ranar Su a Matan Fada

Kowa ya san garin Argungu saboda bikin su, amma ba kowa ne ya san yadda ranar nan ta yi girma ba. Asalin girmanta sulhu ne bayan yaƙi.

Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa mulkin Kabi ya zauna a Surame, Kabawa mutanen ruwa ne. Suna da al'ada, ba a taɓa kifin wani wuri sai ranar da aka ba da izini, watau ranar fashin ruwa. Ta haka kifi ya kan sami damar ƙosawa.

Cikin shekarar 1805 mutanen Shehu Usmanu suka ci Birnin Kabi. Kabawa kuwa ba su haƙura ba. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da yaƙi, Argungu ta zama babban garinsu. Aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato har zuwan Turawa, suka ci Sakkwato a 1903. Yaƙi ya ƙare, amma gaba ta saura a zukata.

To, a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya tashi takanas ya ziyarci Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya ga babu abin da ya fi dacewa a karɓi babban baƙo da shi kamar sana'ar kakanni. Sai ya sa aka tara masunta a bakin kogin Matan Fada, aka yi su a gaban Sarkin Musulmi. Daga ranar nan biki ya kahu.

Ga yadda ranar ta kan kasance. Da safe masunta su kan jeru a bakin gaɓa, dubbai, kowa da homarsa da gorarsa. Gora ita ce jirginsa, a kanta ya ke kifa ciki ya yi iyo, a cikinta kuma ya ke zuba kifi. Ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya yarda. Da an buga bindiga sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, makaɗa na bin su cikin jirage suna zuga su. Abin da kowa ke fata shi ne giwan ruwa. Bayan kamar sa'a guda a kai manyan kifayen ma'auni, wanda nasa ya fi nauyi shi ya ci. A 2005 an kama wanda ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Jikokin waɗanda dā suka haɗu da masu da takubba, sai ga su sun haɗu a bakin ruwa ɗaya suna jiran a auna kifi.