Ɗan Hakin Da Ka Raina



Daminar bara wata tsaga ta fito a bangon ɗakina, tun daga gefen taga har ƙasa. Da na nuna wa maginin, sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ki bar mana aikinmu, filasta ce kawai." Na yi shiru, amma hankalina bai kwanta ba. Ƙanena da ke karatun injiniya ya ji ina ta mita, sai ya ce, "Yaya, zauna in ba ki tarihin wani bene." Shi ne ni ma zan ba ku.

A shekarar 1977 aka gama ginin Citicorp a birnin New York ta ƙasar Amurka, bene mai hawa 59. Da ma akwai wata coci a kusurwar filin, kuma an yi yarjejeniya za a sake gina ta a gurbinta. Saboda haka injiniyan, William LeMessurier, sai ya ɗaga benen a kan manyan ginshiƙai huɗu, amma maimakon ya kafa su a kusurwoyi kamar yadda aka saba, sai ya kafa kowanne a tsakiyar gefe. Ki ɗauka teburin falonki ne aka mayar da ƙafafunsa tsakiyar kowane gefe. In kin danna shi ta gefe zai tsaya, to in kin danna kusurwa fa?

A 1978 wata ɗalibar jami'ar Princeton mai suna Diane Hartley tana rubutun kammala digirinta a kan wannan bene. Da ta yi lissafin iskar da ke zuwa ta kusurwa, wadda ke bugun fuska biyu lokaci guda, sai ta ga nauyin ya wuce abin da aka ba ta a takarda. Ta buga waya ofishin injiniyan, aka ce mata ai ba komai, ginin lafiya lau. Ita dai ta rubuta abin da ta gani.

A wannan shekarar LeMessurier ya zauna ya sake lissafi, ya kuma faɗa daga baya cewa tambayar ɗalibi ce ta tunzura shi. Ashe iskar kusurwa na ƙara wa wasu ƙarafan nauyi da kashi 40 cikin 100. Babban tashin hankalin kuma, lokacin gini an canza tsari don a rage kuɗi, mahaɗan ƙarafan da ya ce a yi wa walda sai aka ɗaure su da noti. A ƙolin benen akwai wani dunƙulen kankare mai nauyin tan 400 da ke motsi don ya rage masa lilo, amma da lantarki yake aiki, guguwa kuwa in ta zo ita ke fara ɗauke wuta. Lissafinsa ya nuna in babu wuta, irin guguwar da kan zo sau ɗaya a shekara 16 ta isa ta kayar da shi, ga dubban mutane a ciki da kewaye.

'Yar uwa, sa kanki a matsayin bawan Allahn nan. Babu wanda ya san zurfin abin sai shi. In ya faɗa, sunansa da sana'arsa na iya tafiya, ga shari'a. Da bakinsa ya ce ya yi tunanin yin shiru, har ma na kashe kansa. Daga ƙarshe ya tashi ya je gaban masu ginin ya ce akwai kuskure.

A watan Agusta aka fara gyara. Ma'aikata na tashi da yamma masu walda na shiga, su kwana suna liƙa faifan ƙarfe mai kaurin inci 2 a kan mahaɗan nan sama da 200. Ana tsaka da aiki, farkon Satumba, guguwar da aka sa wa suna Ella ta doso, sai Allah ya kiyaye ta juya cikin teku. A watan Oktoba aka kammala, kuma ginin na nan tsaye har yau.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Mutanen da ke wuni a ciki ba a gaya musu girman haɗarin ba, ga manyan jaridun birnin na yajin aiki, sai maganar ta binnu. Sai a 1995 mujallar The New Yorker ta fasa ƙwai, bayan shekara 17. Ita kanta Diane ta daɗe ba ta san an yi wannan gyara ba, wai ita da ta hango tun farko.

Kin ga dai, ba ilimi ne ya yi wa mutumin nan ƙaranci ba, gwani ne na gwanaye. Abin da ya cece shi, ya yarda gwani ma yana kuskure, bai raina tambayar ɗan makaranta ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Mu mata mu ke wuni a gida, mu ke fara ganin tsaga da danshi a gindin bango, mu ke fara jin ƙofa ta ƙi rufuwa. Don Allah mu daina haɗiye magana don kada a ce mun cika ƙorafi, tunda mu da yara rufin zai samu.

Ni dai na matsa wa maigida har ya kawo wani maginin. Da ya tona, ashe ruwan indararo ne ke cin harsashin ginin. An gyara kafin ruwa ya yi ƙarfi, na kuwa samu barci.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Taku har kullum.